Saura Mita 40: Yadda Jirgin Kaya Ya Faɗi a Bakin Titin Lukla

Ranar Asabar 27 ga Mayun 2017, ƙarfe 2 na rana ta ɗan gota, wani ƙaramin jirgin kaya da ya taso daga Katmandu, babban birnin Nefal, ya faɗi a bakin titin filin jirgin sama na Lukla, cikin tsaunukan Himalaya a ƙasar Nefal. Saura kimanin mita 40 tayoyinsa su taɓa kwalta. Mutum uku ne a ciki. Kyaftin ya rasu nan take, mataimakinsa ya cika cikin dare a asibitin garin, ma'aikaciyar jirgin kuma Allah ya yi da sauran kwananta, ta tsira da raunuka.

Jirgin ƙirar L-410 ne, wanda ake ƙerawa a Jamhuriyar Cek, mai injin farfela biyu, irin wanda ke ɗaukar fasinja 19 idan an sa masa kujeru. Na kamfanin Goma Air ne, wanda ya sauya suna zuwa Summit Air a farkon wannan shekarar. Ran nan kaya ya ɗauko, kilo 1,680. Jirgin bai tsufa ba, kuma kwamitin binciken da gwamnatin Nefal ta kafa bai ɗora laifin a kan inji ba. Lafiyayyen jirgi ne, da matuƙan da suka san hanya, da ma'aikacin hasumiya da ke magana da su har ƙarshe. Wannan ne ya sa lamarin ya cancanci a zauna a kansa.

Kafin a fahimci abin da ya faru a minti na ƙarshe, sai an san wurin.

Lukla ƙauye ne a gundumar Solukhumbu, ƙofar shiga yankin tsaunin Everest. Sa Edmund Hillary, wanda shi da Tenzing Norgay suka fara taka ƙololuwar tsaunin a 1953, shi ne ya jagoranci gina filin a 1964. Ba masu yawon buɗe ido ya fi sa a rai ba a lokacin, so yake ya sami hanyar shigo da kayan gina makarantu da asibiti ga al'ummar Sherpa mazauna yankin, domin a ƙafa tafiyar kwanaki ce masu yawa. Ya so a yi filin a gonaki masu shimfiɗa, manoma suka ce ba su san zancen ba, gonar da suke ci ba za ta zama titin jirgi ba. Dole aka koma kan wani ɗan dandamali a gefen tsauni. Sai 2001 aka zuba masa kwalta, kuma a Janairun 2008 aka raɗa masa sunan Tenzing da Hillary.

Tsawon titin mita 527 ne. Babban titin filin jirgin Malam Aminu Kano ya kai mita 3,300, wato na Lukla bai cika kashi ɗaya cikin shida nasa ba. Ga shi a tsayin mita 2,845 daga doron teku, ga shi ba a kwance yake ba: hawa yake yi da kusan kashi 12 cikin 100, har ƙarshensa na sama ya ɗara na ƙasa da kimanin mita 60. Wannan hawan ba aibi ba ne, da shi ake rayuwa. Jirgin da zai sauka yana shigowa ta ƙasa, tudun ya taya birki aiki. Wanda zai tashi kuma yana gangarowa ta sama, gangaren ya ƙara masa gudu. Saboda haka hanya ɗaya ce tak. A ƙarshen sama katangar dutse ce da tsauni a bayanta. A ƙarshen ƙasa kuwa, inda kwalta ta ƙare nan ƙasa ta ƙare, sai gangare mai zurfi zuwa kwarin kogin Dudh Koshi.

A ko'ina cikin duniya, darasin da ake nanata wa ɗalibin tuƙin jirgi shi ne: in saukar ba ta yi maka daidai ba, ƙara wuta, tashi sama, zagayo ka sake gwadawa. Babu abin kunya a ciki. To, a Lukla wannan ƙofar a rufe take. Da zarar jirgi ya tsallaka kogin ya miƙe wa titin, babu sararin zagayawa, tsauni ne a gaba da gefe. Wanda ya zo da gudu fiye da kima, ko birki ya ƙi masa, katanga na jiransa, kamar yadda ta faru da wani jirgin Sita Air ƙirar Dornier a Oktoban 2010, wanda ya daki katangar, aka yi sa'a ba a rasa rai ba. Wanda ya zo ƙasa-ƙasa kuma, gefen dutse zai samu maimakon titi. Gaba kura, baya sayaki.

Ƙari a kan haka, babu na'urar da ke jagorantar jirgi ya sauka cikin gajimare irin ta manyan filaye. Da ido ake sauka. In ba ka ga titi ba, ba ka da abin bi. Shi ya sa hukumar sufurin jiragen sama ta Nefal ta gindaya sharuɗɗa ga duk kyaftin da zai shiga Lukla: sai ya yi sauka da tashi 100 a gajerun titina, sai ya shekara yana irin wannan aikin a cikin Nefal, sai kuma ya shiga Lukla sau 10 tare da malami. Ba 'yan koyo ake turawa can ba.

Akwai wasu abubuwa biyu da wurin ke yi wa matuƙi ba tare da ya ji a jikinsa ba. Na farko iska. A wannan tsayin kaurin iska bai wuce kashi uku cikin huɗu na wanda ke bakin teku ba. Fikafikai na buƙatar ƙarin gudu kafin su ɗauki jirgi, farfela ba ta kama iska yadda ta saba, inji kuma ba ya ba da duk ƙarfinsa. Rarar da matuƙi ke taƙama da ita a Katmandu ta ragu kafin ya iso. Na biyu ido. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai titin da ke hawa tudu yana ruɗar wannan ƙimar: yana nuna wa matuƙi kamar ya yi sama da yawa, hannunsa ya riƙa son saukar da jirgin ƙasa da inda ya kamata. Sanannen abu ne a littattafan koyon tuƙi, kuma ƙwararru sun san yadda ake maganinsa, muddin suna ganin titin da duwatsun da suka saba auna kansu da su.

Sai yanayi. Zirga-zirgar Lukla ta safe ce. Tun da duku-duku jirage ke jerin gwano daga Katmandu, tafiyar kamar rabin awa, a sauke, a ɗauka, a juya, domin kowa ya san abin da ke zuwa. Rana na ɗagawa gefen tsaunuka ya ɗumama, iska mai laima ta fara hawowa daga cikin kwari, ta zama gajimare. Ba daga sama yake saukowa ba, daga ƙasa yake tasowa, daidai ta hanyar da jirgi ke bi zuwa bakin titi. Mutumin da ke tsaye a farfajiyar filin zai iya ganin sama garau a kansa alhali bakin titin ya ɓace. Ƙarshen Mayu kuma gab da damina ne a can, laima ta yi yawa. Jirgin da muke magana a kansa da rana tsaka ya zo.

Tun yana hanya labarin yanayin Lukla ke sauyawa. Aka yi ruwa, ruwan ya ɗauke, sannan hazo mai kauri ya fara tasowa ta ɓangaren da ake shigowa. Ma'aikacin hasumiya yana sanar da matuƙan abin da yake gani, amma bai rufe filin ba. Su kuma ba su juya ba. Suka shiga kwarin, suka hango titin, suka sauke tayoyi, suka buɗe marafan bayan fikafikai gaba ɗaya, wato shirin sauka ya kammala. Sai hazo ya shiga tsakaninsu da titin.

A cikin 'yan daƙiƙun da suka biyo baya jirgin ya karkace dama da kimanin digiri 15, kuma ya ci gaba da yin ƙasa har ya koma kusan ƙafa 400, wato kimanin mita 120, ƙasa da bakin titin. A kula da wannan da kyau: titin da ya kamata su sauko masa daga sama ya koma samansu. A filin da ke shimfiɗaɗɗiyar ƙasa hakan ba zai yiwu ba, tuni jirgi ya daki ƙasa. A Lukla kwarin yana da zurfin da zai bar ka ka yi ƙasa ba ka sani ba, sai ka ɗaga ido ka tarar da gefen dutse a gabanka.

Da matuƙan suka gane inda suke, abin da ya rage shi ne su hau, su kuma karkato hagu, duk a lokaci guda, cikin ɗan taƙin da ya rage. Kyaftin ya ja hancin jirgin sama.

A nan ne fahimtar yadda fiffike ke aiki ta zama dole. Duk wanda ya taɓa fitar da tafin hannunsa ta tagar mota tana gudu ya san abin: in ka ɗan karkata tafin sama, iska za ta ɗaga hannun; in ka ƙara, ta ƙara ɗagawa; amma in ka wuce wani mizani, ɗagawar ta ɓace, iskar ta koma tura hannun baya kawai. Haka fiffiken jirgi yake. Akwai iyakar karkatar da zai iya yi wa iska, kuma yayin da gudu ke raguwa, kusantar wannan iyakar ke ƙaruwa. Jirgin ran nan gudunsa ya riga ya yi ƙasa da wanda aka ƙayyade wa sauka. Tayoyi a waje suna jan iska, marafan fikafikai a buɗe suna jan iska, kaya a ciki, iskar wurin ba kauri. Ɗaga hanci a wannan hali ba tare da cikakkiyar wuta ba cinye ɗan sauran gudun yake yi. Na'urar gargaɗi ta fara ƙara tana sanar da cewa iska na gab da sakin fikafikai. Rahoton bincike ya ce ba a tura sandar wuta zuwa ƙarshe a lokacin da ya dace ba. Irin wannan injin kuwa ba ya amsawa nan take, yana ɗaukar 'yan daƙiƙu kafin ƙarfinsa ya cika, daƙiƙun da babu su.

Iska ta saki jirgin. Fiffiken hagu ya daki wata ƙaramar bishiya, jirgin ya faɗa gefen gangaren ƙasa da bakin titin. Kyamarar tsaro ta filin ta ɗauki ƙarshen abin: ana ganin jirgin ya ɓullo daga cikin hazo hancinsa a sama, ƙasa da inda ya kamata a gan shi, sannan ya sulale ya ɓace daga ido. Hoton gajere ne ƙwarai, yana da nauyin kallo.

Mutanen gari, 'yan sanda da sojoji suka gangara suka ciro mutanen. Hazon da ya kayar da jirgin shi ne kuma ya hana a ɗauki mataimakin matuƙin zuwa babban asibiti a Katmandu, domin jirgi mai saukar ungulu ma bai iya shiga ba. A ƙaramin asibitin Lukla ya cika. Sai washegari aka iya fitar da ma'aikaciyar. Wannan ɓangaren ba a cika kawo shi cikin lissafin haɗarin filayen tsauni ba, alhali raunin da za a iya tsira da shi a birni yana iya zama ajali a wurin da hanyar fita ɗaya ce kuma ta sama.

Kwamitin binciken ya ce musabbabin haɗarin shi ne iska ta saki jirgin sakamakon ɗaga hanci farat ɗaya da ƙarancin gudu, a ƙoƙarin hawa alhali jirgin na cikin shirin sauka. Ya lissafa abubuwan da suka taimaka: wahalar wurin da saurin lalacewar yanayi, ɓacewar matuƙi game da inda yake, rashin amsa gargaɗin na'ura yadda ya kamata, da saɓa ƙa'idar aiki daga ɓangaren matuƙi da na hasumiya duka.

Duk wannan gaskiya ne, amma a ganina wanda ya tsaya a kan daƙiƙun ƙarshe bai yi wa mamatan adalci ba, kuma bai koyi abin da zai ceci na baya ba. Littafi ya ce in iska na shirin sakin fiffike, ka sunkuyar da hanci ka ƙara wuta. Yaya mutum zai sunkuyar da hanci dutse na cika masa gilashi? Ko da an tura wuta gaba ɗaya da wuri, abin da ake nema a wurin jirgin, hawan ƙafa 400 da gyaran hanya cikin ɗan wannan taƙi, babban abu ne. Lokacin da gargaɗin ya fara ƙara, zaɓin kirki ya riga ya ƙare. Inda haɗarin ya ƙullu shi ne can baya, a bakin kwari, lokacin da akwai sararin juyawa kuma labarin hazo ya riga ya iso kunnen kowa. A filin da ba a fasa sauka a kusa, dole a yanke shawarar fasawa tun daga nesa, a lokacin da komai bai yi muni ba tukuna. Wannan ita ce shawara mafi wuya, domin mai yanke ta yana barin titin da wataƙila yake hange da idonsa.

Kuma ba wannan ne karon farko ba. Ranar 8 ga Oktoban 2008, da sassafe, jirgin Yeti Airlines ƙirar Twin Otter ya shiga gajimare a wannan bakin titin, ya daki gefen dutse ya kama da wuta. Mutum 18 suka mutu, 12 daga cikinsu Jamusawa, biyu 'yan Ostareliya, huɗu 'yan Nefal. Kyaftin kaɗai ya fita da rai. Wasu jirage sun riga shi sauka lafiya a wannan safiyar. Wannan ma wani tarko ne: na gabanka ya wuce, kai ma sau da yawa ka ratsa ɗan guntun gajimare ka fito ka tarar da titi yana jiranka. Duk ranar da aka yi hakan aka sha, sabo da hakan yana ƙara kafuwa, har saɓa ƙa'ida ya zama shi ne aikin yau da kullum. Kusan shekara tara tsakani, wuri ɗaya, hazo iri ɗaya, filin a buɗe a duka biyun.

Me ke sa ƙwararren mutum ya ci gaba, me kuma ke sa hasumiya ta yi jinkirin rufewa? Ba sai an zargi kowa da ganganci ba, a dubi nauyin da ke kansu. Shinkafa, gas, siminti, magani, kusan duk abin da ba a nomawa a yankin, in bai zo ta sama ba sai a bayan mutum ko alfadari. Kakar baƙi gajera ce, bazara da kaka, a cikinta kamfanoni da masu masauki da 'yan dako ke neman abincin shekara. In filin ya rufu mutane taruwa suke yi: a Nuwamban 2011 hazo ya tsare baƙi fiye da 2,000 a Lukla na kusan mako guda, masaukai suka cika, abinci ya fara yankewa. Matuƙin da ya juya ya ƙona mai a banza, kaya sun koma inda suka fito, gobe aikin ya ninka. Ma'aikacin da ya rufe fili shi za a yi ta bugo wa waya. Babu wanda zai fito ya ce musu ku saɓa doka, amma kowa ya san wanda ake yaba wa da yamma: wanda ya kai kaya. Wanda ya juya kuwa ba ya da abin nunawa, domin haɗarin da bai faru ba ba ya barin shaida.

Shi ya sa nake ganin bai kamata a bar wannan nauyin a wuyan mutum ɗaya cikin daƙiƙa goma ba. Ya kamata a ce akwai wuri ƙayyadadde a bakin kwari, da tsayi ƙayyadadde, wanda in jirgi ya iso bai ga titi sarai ba, juyawa ce kawai, ba shawara. Mataimakin matuƙi ya kasance yana da bakin cewa mu koma, kuma a ji shi, ko da kyaftin ya girme shi da shekara ashirin a aiki. Hasumiya ta kasance tana da ma'auni a rubuce wanda in an kai shi rufewa take yi ba tare da neman yardar kowa ba. Kamfani kuma ya riƙa duba bayanan da na'urorin jirginsa ke naɗa, ya gano masu ratsa gajimare tun ranar da suka sha, ba ranar da suka faɗi ba. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar a faɗaɗa titi ko a fasa tsauni.

A nan ne maganar hukuma ke shigowa. Tun Disamban 2013 Tarayyar Turai ta haramta wa dukkan kamfanonin jiragen Nefal shiga sararin samaniyarta, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da aka daɗe ana kuka da su shi ne hukuma guda ce ke gudanar da filayen jirgi, ita ce kuma ke sa ido a kan masu gudanarwar. Wanda ke cin kuɗin sauka da tashi, in aka ce shi ne zai hukunta wanda bai rufe fili ba, an haɗa masa aiki biyu da ke jan juna.

Bayan haɗarin 2017 ba a cika shekara biyu ba, ranar 14 ga Afrilun 2019, wani L-410 na wannan kamfanin ya kauce daga titin Lukla yana shirin tashi, ya afka wa jirgi mai saukar ungulu da ke ajiye a gefe. Mataimakin matuƙi da 'yan sanda biyu suka mutu. Wannan a tashi ne, kuma sararin sama garau yake, amma ya nuna ƙarancin wurin da kuskure ke da shi a filin: taku kaɗan daga gefen kwalta akwai mutane a tsaye.

Daga 2019, a lokutan cunkoson baƙi, an mayar da yawancin jiragen Lukla su riƙa tashi daga Manthali a gundumar Ramechhap, tafiyar awa huɗu zuwa biyar a mota daga Katmandu. Gyaran titi da cunkoson filin Katmandu ne suka jawo hakan, kuma baƙi na ƙorafin tashin tsakar dare. Ta fuskar tsaro kuwa akwai riba: tafiyar ta gajarta, jirgi ba ya ɓata safiya yana jiran layi, labarin yanayin da matuƙi ya tashi da shi bai tsufa ba kafin ya isa, kuma sawu da yawa kan kammala kafin gajimare ya fara tasowa daga kwarin.